Yakuwa a Bayan Gidan Buda

Shekarar da na haifi autata, a Germantown ta Amurka muke zaune, hawa na uku na wani dogon ginin haya. Ɗakin kwana biyu, falo, ɗan madafi, banɗaki ɗaya. Maigidana direba ne, yana ɗaukar fasinjojin da suka kira shi ta waya. Ni kuma ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi can Laurel. Wanda bai san yankin ba zai zaci kusa ne. Sai na gangara babbar hanyar 270 cikin cunkoson masu shiga Washington, in karkata gabas, in sake faɗawa wani cunkoson, kafin in isa ƙuguna ya riga ya ƙage. Abin da na fi tunawa a wannan shekarar shi ne jin barci. Ina jin sa a tsaye, ina jin sa a kan sallaya, ina jin sa jaririya na bakin nono.

Hutun da aka ba ni a wurin aiki bai kai ma in gama wankan jego ba. Shi ya sa muka yi ta faɗi-tashin takardu har Allah ya sa aka ba mahaifiyata izinin zuwa na 'yan watanni. Inna ta taso daga Damagaram, ta sauka lokacin da sanyi ya fara ja da baya, itatuwa suna sabon toho. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tunda nake ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, in ta ji daɗi kuma "'yar nan".

Kwanakin farko ta yi ta aiki ba zama. Ta wanke, ta goge, ta dama mini kunun kanwa, ta riƙa yi wa jaririya wanka irin na gida tana miƙe mata gaɓoɓi. Daga nan aikin ya ƙare, don gidan bai kai girman da zai cinye yinin mace irin Inna ba. A Damagaram tana da awaki, tana da ɗan lambu a bayan gida, tana da maƙwabtan da kafin su gama sallama sun riga sun zauna. A nan taga ma ba ta buɗuwa sai kaɗan. Manyan 'ya'yana biyu mata suna jin Hausa, amma da Turanci suke mayar da amsa. Inna ta yi musu magana, su amsa, ta juyo ta dube ni in fassara. In ba na gida, ba ta da wanda za ta duba.

Ga kuma kunyar suruki. A gida da wuya ta haɗa ido da maigidana sau ɗaya a wata. Yanzu ga su cikin gida ɗaya, bango kawai tsakani. In ya shigo falo, ta tashi ta shige ɗakin yara. Ba ta cin abinci yana nan, ba ta shiga banɗaki sai ta ji fitarsa. Shi ma a takure yake, har ya koma daɗewa a hanya don ya ba ta wuri. Na lura ta rage cin abinci. Na lura tana daɗewa tsaye a taga tana kallon filin ajiye motoci. Nakan ce ranar hutuna zan kai ta Beltsville wurin 'yan uwanmu Hausawa ta sha hira. Ranar hutun ta zo, in yi wanki, in yi cefane, in ce bari in ɗan miƙe bayana, in farka la'asar ta wuce.

Wata rana da yamma ina tsakiyar juya wani tsoho a gado, wayata ta yi ta motsi a aljihu. Babbar 'yata ce. Sun dawo daga makaranta, sun buɗe gida, ba Inna, ba jaririya. Wayar da muka saya wa Inna tana kan tebur. Na kira maigidana, yana can filin jirgi da fasinja. Na roƙi shugabar sashenmu ta sake ni, ta sake ni tana ɓata rai, na hau hanya. Ranar ma cunkoson bai raga mini ba. Ina zaune a mota ba gaba ba baya, ina tunanin tsohuwar da ba ta jin kalmar Turanci ko ɗaya, ba ta san sunan titinmu ba, goye da jinjira.

A ƙasan benenmu akwai wata maƙwabciya 'yar Kumasi, mai jin Hausar zango. Ita na fara buga wa ƙofa.

"Na gan ta da hantsi," ta ce. "Ta bi 'yar hanyar nan ta cikin itatuwa, bayan wurin zuba shara. Ai kullum tana bi. Na zaci kin sani."

Ban taɓa bin hanyar ba. Tana bin gefen wani ɗan rafi, ta wuce bayan manyan ofisoshin nan masu bangon gilashi, ta ɓulle wani tsohon titi inda gidaje ke da faɗin fili. Da na fito na gane wurin, don na sha wucewa ta gabansa a mota. Tsohon gidan gona ne da mutanen ƙasar Bama, can gabas mai nisa, suka saya suka mayar wurin ibadar addinin Buda. A farfajiyar akwai 'yar hasumiya mai ruwan zinariya, kamar an kifa ƙararrawa. Ranakun bikinsu motoci kan cika gefen titin biyu, masu gidajen unguwar su yi ta ƙorafi. Iyakar abin da na sani game da su ke nan.

Ta baya na ɓullo musu. Akwai lambu da aka kewaye da doguwar waya saboda barewa. A ciki na hango Inna duƙe, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, da 'yar fartanya a hannu. Kusa da ita wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce sanye da malafa, ta shafa wani abu kamar farar ƙasa a kumatu, ita ma duƙe. Jaririyata na kwance kan tabarma a gindin itace, an kafa mata lema, tana barcinta.

Tun daga Laurel nake tsara maganganun da zan faɗa. Da na gan su, sai na manta da su duka. Na zauna kan wani bokiti da aka kifa.

Inna ta ɗago. "Lafiya kika dawo da rana haka?"

"Inna, kin san inda kike?"

"Na sani. Zo ki gani." Ta nuna da fartanya. "Yakuwa ce wannan. Ga rama can. Ga garahuni yana hawan waya. Kin taɓa gaya mini akwai yakuwa a ƙasar nan?"

"Ban sani ba, Inna."

"To, akwai."

A hanyar komawa ta ba ni labari. Zaman ɗakin ne ya ishe ta, ta fara goya yarinya tana sauka, kullum ta ɗan ƙara nisa. Ranar da ta iso wayar lambun ta ga jan karan yakuwa, sai ta tsaya. Ta yi kwanaki tana zuwa ta tsaya ta waje tana kallo. Mai malafa, haka Inna ta raɗa mata, ta fara ɗaga mata hannu. Rannan ta tsinko ganye ta miƙo ta ramin waya. Inna ta tauna, ta yamutsa fuska don tsami, tsohuwar ta yi dariya ta je ta buɗe mata ƙofa.

"Da wane yare kuke magana?" na tambaye ta.

"Ita da nata, ni da nawa. Noma ai ba ya son surutu."

Bayan magariba maigidana ya dawo na gaya masa. Ba zai iya yi wa Inna magana kai tsaye ba, ita ma haka. Sai ya tsaya a ɗaki ya bar ƙofa a buɗe, ya ɗaga murya yana magana da ni, ita kuma tana madafi.

"Ki gaya wa Inna, wurin nan gidan gumaka ne. Kuma mutanen nan, ba su ne muke ji a rediyo an kori Musulmi daga ƙasarsu ba? Da 'yata za a riƙa zuwa can?"

Inna ta ci gaba da wanke tukunya. "Ki gaya wa mai gidan nan, ni ban ga gunki a cikin shuka ba. Wadda muke noma tare kuwa, barewa ma ta kasa kora, balle mutum."

Ina tsaye a tsakani da kayan aiki a jikina, ko takalmi ban cire ba. Na kai wannan, na dawo da wancan, har muka tsaya a kan magana: lambu kawai, ba shiga cikin ginin, ba cin abin da aka ajiye gaban gunki, kuma waya ta riƙa zama a jikinta. Maigidana bai ce ya yarda ba, amma bai hana ba. Inna ta ƙulle wayar a bakin zani, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba in an kira.

Da zafi ya shigo, Inna ta dawo Innar da na sani. Ta yi baƙi, ta yi ƙiba kaɗan, tana waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe. Kullum ta dawo da leda cike da ganye. Muka ci miyar yakuwa da gyaɗa, muka ci kwaɗon rama, har 'yan matana da ke cewa komai yana da wari suka fara sa hannu. Mai malafa takan aiko da tata miyar, ruwa-ruwa, mai tsami da busasshen jatan lande da wani abu mai ƙarfin wari. Inna ta shinshina ta ce, "Daddawarsu ce wannan, ta kifi." Ta tabbatar daga gidan matar aka dafo, sannan ta ci. Ita ma ta aika da tuwo. An dawo da kwanon a wanke, ba mu san ko an ci ba.

Ba kullum suke shiri ba. Inna ta ce matar tana cunkushe shuka, ba ta barin iska ta ratsa. Ita ta cire, waccan ta mayar. Wata rana sun rabu ba sallama saboda duma. Washegari Inna ta shirya tun da wuri ta tafi. In azahar ta yi, a gindin itacen take salla. Ta ce mai malafa ta lura tana neman ruwa, sai ta riƙa cika mata wata jarka tana ajiyewa a inuwa, kuma in Inna ta ta da salla takan ɗauki yarinya ta koma gefe don kada ta gitta mata.

Ranakun da na yi aikin safe nakan biya in ɗauko su a mota. Ranar farko na iso da wuri, Inna ta ce in jira su gama ban ruwa. Na kwantar da kujerar mota a filin ajiye motocin wurin, a inuwa. Ba rediyo, ba ƙararrawar majinyaci, ba mai kiran "Mama". Sai ƙarar tsintsiya can nesa, wani daga cikin malamansu, masu askakken kai da jan mayafi, yana sharar ganye. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Daga ranar na riƙa gaggawar barin Laurel don in samu wannan ɗan lokacin. Malamin ya gane. In ya ga motata, sai ya koma ɗaya gefen farfajiyar da shararsa. Ba mu taɓa magana ba duk tsawon zafin nan.

Magana kuwa ta isa Beltsville. An yi suna a gidan wasu mutanen Maraɗi, muka je da Inna. Mata sun cika falo, ana ta rabon shinkafa, sai wata Hajiya mai sayar da atamfa da turare ta ɗaga murya.

"Inna, an ce kin samu sabon masallaci a Germantown."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Inna ta gama tauna abin da ke bakinta. "Gona na samu, Hajiya. Mai son yakuwa ta aiko."

Kafin mu fito mata uku sun ja ni gefe, kowace ta ce in an samu a tuna da ita. Amma maigidana bai ji da daɗi ba. Abokan tuƙinsa sun tsokane shi a inda suke jiran fasinja, wani dattijo cikinsu ma ya kira shi gefe ya yi masa nasiha. Ya dawo ya tarar da miyar yakuwa, ya ture kwanon, ya ci burodi da shayi. Ya daɗe bai sake cin ta ba. Ni dai na gaji da zama tsakani. Na riƙa yin miya biyu, abin da ya ƙara mini aiki, amma ya rage mini magana.

Da ganyen itatuwa ya fara ja, yakuwa ta kai ƙirjin mutum ta fara fure. Inna tana ta lissafin zoɓon da za ta shanya, da 'ya'yan da za ta ɗiba ta kai gida ta gwada. Sai rannan ta dawo da wuri, ba leda.

"Ba ta zo ba," ta ce.

Washegari ma haka, da wanshekare. Inna ta riƙa yin ban ruwan ita kaɗai. Daga baya ta ce, "Ke, ki je ki tambayi masu jan mayafin nan. Ba halinta ba ne."

Na je na sami malamin mai shara. Yana jin Turanci kaɗan. Ya tsaya nesa da ni, kamar yadda malamanmu ke yi da matan mutane, ya gaya mini tsohuwar ta faɗi a gidan 'yarta, ɓarin jikinta ya shanye. An sallame ta daga asibiti an kai ta wani gidan kula da tsofaffi. Da ya faɗi unguwar, na gane wurin. Ba namu ba ne, amma bai da nisa da inda nake aiki.

Ranar Lahadi bayan azahar muka tafi, muka bar yara da babansu. Inna ta dafa miyar yakuwa ruwa-ruwa irin tasu, ta ɗauki ɗan gwangwanin man kaɗanyar da ta zo da shi daga gida.

Inna ta san ina aikin jinya. Abin da take gaya wa maƙwabtanta ke nan a Damagaram, 'yarta tana aikin likita a Amurka. Ba ta taɓa ganin irin gidan ba. Muna shiga ta ja mayafi ta toshe hanci, ni kuwa ban ji komai ba, don hancina ya daɗe da sabawa. A babban falo an jera tsofaffi a kekunan guragu gaban talabijin mai ƙara, wasu suna barci baki buɗe, wata tana kiran wani suna ba ƙaƙƙautawa. Inna ta rage tafiya. Wata yarinya baƙar fata ta wuce mu tana tura amalanken zannuwan gado masu datti. Rigar aikinta irin tawa ce sak, har launi. Inna ta bi ta da kallo, sannan ta dube ni.

Da ƙyar na gane mai malafa. Ba malafa, ba farar ƙasa a kumatu, gashinta fari an rage shi, ta ƙara ƙanƙancewa a tsakiyar gado. Bakinta ya karkace. Amma da ta ga Inna idonta ya buɗe, ta yi wani sauti a maƙogwaro. Inna ta zauna a bakin gadon ta gaishe ta cikakkiyar gaisuwa da Hausa.

"Sannu, ƙawata. Ya jiki? Allah ya sawwaƙe. Sannu. Yakuwarki ta yi fure, na ba ta ruwa jiya. Dumanki ma da kika hana ni cirewa ya yi 'ya'ya."

Ta lakato man kaɗanya ta kama shanyayyen hannun tana murzawa, yatsa bayan yatsa. Da ta buɗe kwanon miya na tsayar da ita, don na ga alamar da aka manna a kan gadon: matar ba ta iya haɗiyar abu mai ruwa, shaƙewa za ta yi. Inna ta dubi kwanon. Sai ta tsoma ɗan yatsa a miyar ta taɓa mata a harshe. Rabin fuskar da ke motsi ya yamutse don tsami, kafaɗarta ta girgiza. Dariya take.

Ana cikin haka na ji warin da na sani. Tsohuwar ta kawar da kai wajen bango. Na danna ƙararrawa, ba wanda ya zo. Lahadi ce, na san ma'aikata sun yi ƙaranci. Na fita na nemo yarinyar nan mai amalanke, na ce mata ni ma aikina ke nan, ta kawo kaya in kama mata. Ta ba ni safar hannu. Muka ja labule, muka juya ta, muka goge, muka sauya zani, muka shafa mata mai a baya. Hannuna ya san aikin, ban ko yi tunani ba. Sai da na cire safar na ga ashe labulen bai rufu duka ba, Inna na tsaye tana kallo.

Muna shirin tafiya 'yar tsohuwar ta shigo. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da jakar kwamfuta a kafaɗa duk da Lahadi ce. A ɗaya daga cikin ofisoshin gilashin nan na unguwarmu take aiki. Ta san labarin Inna, ta ce uwarta kullum sai ta yi zancenta a gida. Ta haɗa tafin hannu ta rusuna wa Inna. Sannan, ba tare da na tambaye ta ba, ta shiga yi mini bayani: mijinta yana aiki a wata jiha, gidansu bene ne, ta gwada riƙe uwar a gida ta kasa ɗaga ta ita kaɗai, in ta bar aiki kuma inshorar lafiyarsu ta tafi. Tana magana tana share ido da bayan hannu. Na ce mata na gane. Kuma na gane ɗin, har cikin ƙashina.

A mota, da muka hau babbar hanya, Inna ta juyo ta dube ni.

"Wannan ne aikin naki?"

"Shi ne, Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

"Mutum nawa?"

"Duk wanda aka ba ni. Wani lokaci ɓangare guda ni kaɗai."

Ta dubi waje. Can ta ce, "Me 'yar take ce miki?"

Na gaya mata.

"Ba ta da kowa a gida da zai zauna da ita?"

"Kowa aiki yake, Inna. Haka ƙasar take."

"Ke ma aiki kike."

Muka wuce manyan ɗakunan ajiyar kaya, muka wuce tashar jirgin ƙasa. Sai da muka kusa gida ta sake magana.

"In lokacin takardata ya cika, ki mayar da ni. Kada ku nemi ƙari."

Mun riga mun fara maganar neman ƙarin, don ban san yadda zan yi da jaririya ba in ta tafi. Na ce, "Inna, ai ni ba zan taɓa kai ki irin wurin nan ba."

"Na sani," ta ce. "Ita ma waccan haka ta ce wa tata uwar."

Daga ranar, duk lokacin da na dawo aiki nakan tarar ta dafa ruwa. Ta sa ni in kwanta a kafet, ta tsoma tawul ta gasa mini baya da ƙafafu, ta murza da sauran man kaɗanyar. Sau da yawa a nan barci ke ɗauke ni, in farka ta lulluɓe ni da zaninta.

Mun sake zuwa duba mai malafa sau ɗaya. Ranar barci take, Inna ta zauna kusa da ita ta ja carbi har na ce mu tafi.

Zoɓon bai nuna ba. Sanyi ya sauko dare ɗaya, da safe motoci duk sun yi fari. Inna ta je ta tarar da yakuwar ta yi baƙi ta langaɓe, ƙananan kawunan ko rabin girma ba su kai ba. Ta ce ba ta taɓa ganin sanyi ya ƙone shuka kamar wuta ba. Duk da haka ta yi kwanaki tana zuwa cikin rigar sanyin maigidana, ta tuge karan, ta tara su gefe, ta kwance igiyoyin duma, ta wanke fartanyar ta rataye inda ta same ta. Ranar ƙarshe na je ɗaukarta. Malamin mai shara ya fito ya tsaya daga nesa, ya ɗan sunkuyar da kai. Inna ta ɗaga masa hannu ta ce, "To, malam, Allah ya sada mu da alheri." Ya amsa da nasa yaren.

Maigidana ya ce in roƙe ta ta zauna ko zuwa bayan sanyi. Na kai saƙon, ta ce a gode masa. Shi ya tuƙa mu zuwa filin jirgi. A bakin inda ba a barin masu rakiya su wuce, ya durƙusa har ƙasa cikin mutane, ya yi mata magana da bakinsa karo na farko tun zuwanta. Ya ce ta yafe masa in ya saɓa mata. Inna ta kawar da fuska, ta ja mayafi, ta sa masa albarka mai tsawo. Ni kuma ta ce mini, "Ke, ki riƙa cin abinci kafin ki fita."

Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ce ta riƙe mini yarinyar har hayar gidan ta ƙare, muka koma Laurel kusa da aikina. Na huta da hanyar 270, sai aka ƙara mini ranakun aiki. Duk lokacin da na kira gida, bayan an gama gaisuwa da tambayar yara, Inna sai ta ce, "Ya mai malafa?" In ce zan bincika. Wata rana da na tashi aikin safe na biya ta gidan da take kwance, aka ce ba ta nan, kuma ba su da izinin gaya mini komai. Sai da wata Asabar ta kai ni Germantown kai yara wurin ƙawarsu na tsaya a wurin ibadar. Ƙanƙara ta rufe lambun. Malamin ya gaya mini ta rasu tun tsakiyar sanyi, an yi mata addu'o'insu a nan.

Na kira Inna washegari da safe, ina zaune a mota a bakin wurin aiki, saura kaɗan in shiga. Na gaya mata. Ina jin kukan awaki ta bayanta, da muryar wata maƙwabciya tana sallama.

"A can aka binne ta, ko an kai ta ƙasarsu?"

Na yi tunanin in ce ban sani ba. Na ce, "Su ƙonewa suke yi, Inna."



"Mutuniyar kirki ce," ta ce. "Allah ya fi mu sanin bayinsa."

"Haka ne."

"'Yar tata fa, kin je kin yi mata gaisuwa?"

"Ban san gidanta ba."

"Ki nema. A gaya mata daga gare ni."

Na ce to. Maƙwabciyar ta sake yin sallama, Inna ta amsa mata, ta ce mini za ta je ta ga baƙuwa. Na kashe motar, na ɗauki jakata da abincin rana, na shiga. Abokiyar aikina ta kira ta ce ba ta da lafiya, don haka ranar ɓangare biyu aka ba ni.